Gwangwanin Dublan da Na Kai Turabulus

Kafin in fara, gara in faɗa muku cewa abin da zan rubuta ya haura shekara arba'in da faruwa, kuma ƙwaƙwalwata ba kamar da ba ce. Akwai abin da nake ganin hotonsa sarai amma na kasa tuna ko Laraba ce ko Alhamis. Akwai kuma maganganun da na sha maimaitawa har ban sani ba ko haka aka faɗe su, ko ni na yi musu kwaskwarima a hanya. Na tambayi mahaifiyarku abin da ya shige mini duhu, inda muka saɓa kuma zan faɗa. Dalilin da ya sa na ware wa wannan shekara babi guda shi ne maganar da 'yata Mabruka take yi duk Sallah idan an ajiye farantin dublan, wai Baba ya tafi Libiya cin kayan zaƙi ya bar Mama da tsohon ciki. Da wasa take faɗa, rabi Hausa rabi Turanci, kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Amma na lura jikokina sun fara ɗauka haka abin yake.

A lokacin, farkon shekarun tamanin ke nan, ina karatun digiri na biyu a fannin noma, muna haya a Glenwood, nan Amurka, a wani gidan katako da aka raba biyu. Mu ne a hagu. A dama akwai wani Balaraben Libiya, Salim, mai karatun injiniya, da mahaifiyarsa Hajja Mabruka, gajeriyar tsohuwa mai shuɗin zane a haɓa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Binta, mahaifiyarku, ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba. Ina fita da keke tun safe, in bar ta da rediyon da ba ta jin abin da yake cewa, in dawo in tarar da ita a bakin taga inda na bar ta. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ana gobe Ƙaramar Sallah ta ce ita fa ba za ta yi Sallah ba dublan ba. Ta murza fulawa da kwalba, ta yayyanka, ta naɗe, ta soya, ta tsoma a ruwan sukari da lemon tsami. Bangon gidan nan ko tari aka yi a can ana ji, balle ƙamshi. Ba a jima ba aka buga ƙofa. Na buɗe, tsohuwar ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta nufi kicin, ta tsaya a kan tiren.

"Dibla!" in ji ta. "Wa ya koya wa yarinyar nan dibla?"

Na yi karatun littattafai a zaure kafin boko, don haka ina jin Larabci, sai na zama tafinta.

"Ka gaya mata sunansa dublan," in ji Binta, "kuma kakata ce ta koya mini, a Alfindiki."

"Ka gaya mata kakarta a wurinmu ta ɗauko, amma ta zubar da rabinsa a Sahara."

"Ka ce mata rabin da aka zubar ɗin dama ba shi da amfani."

Ni kuwa sai na juya na ce wa Hajja, matata tana godiya, tana kuma neman ƙarin ilimi. Tsohuwar ta kalle ni, ta kalli Binta.

"Ƙarya kake, ɗana. Ba haka ta ce ba, na ga bakinta."

Daga ranar ba su ƙara bukatar tafinta ba sosai. Binta ta ce gireba, Hajja ta ce giraiba. Binta ta ce alkaki, Hajja ta ce ka'ak. Alewa da halawa, bakilawa da baklawa, haka suka yi ta tono kalmomi kamar masu tsintar kayansu da suka ɓace. Kakar Binta ta tashi kusa da gidajen Larabawan Turabulus da suka zauna a birnin Kano tun zamanin ayarin raƙuma, ina jin ta nan abin ya biyo, ko da yake ban bincika a littafi ba. Ni dai abin da na sani shi ne na daina tarar da matata a bakin taga. Ni kuma na zama abin tsokana, saboda Larabcina na littafi ne.

"Kai, ɗana," Hajja takan ce, "idan ka ce in miƙo maka gishiri sai in ji kamar in tashi in yi alwala."

Shekara ta zagayo, Binta na da ciki wata shida, ni kuma dole in je gida na sati biyar in tattaro bayanan bincikena a kan ajiyar gyaɗa, in kuma sabunta bizata a Legas. Ta Roma jirgina zai bi. Da Hajja ta ji haka sai ta yi kwana biyu ba ta shigo ba. Rana ta uku Salim ya same ni a baranda, yana ta murza makullin motarsa, ya ce shi bai goyi bayan abin da mahaifiyarsa za ta roƙe ni ba, amma ya kasa hana ta. Gwamnatinsu ta kira shi gida shekarun baya ya ƙi komawa, tun daga nan suka yanke wasiƙa da waya don kada su jawo wa danginsu tambayoyi. Hajja tana da yaya guda, Zuhra, a tsohon birnin Turabulus. Wani matafiyi ya gaya musu cewa labari ya kai wa Zuhra wai Hajja ta rasu a asibiti a Amurka. Abin da tsohuwar take so shi ne in ratse daga Roma, in je in nuna wa yayarta tana raye. Ba wasiƙa, ba hoto, ba kaset, don kada a kama ni da abin da zai cuci wani. Gwangwanin dibla kawai.

Ku da kuka san ni kun san ni mutum ne da ke duba murhu sau uku kafin ya fita. A lokacin tsakanin ƙasar da nake karatu da ƙasar da ake so in je babu daɗi ko kaɗan. Duk wanda zai shiga Libiya sai an fassara fasfonsa da Larabci a shafi guda cur, an buga hatimi, ba yadda za a ɓoye. Da wannan fasfon zan je neman bizar dawowa. In aka hana ni, karatu ya tafi, ga mace da tsohon ciki a ƙasar da ba ta da kowa. Na hau motar wani abokina muka je Summerfield wurin Dakta Garba, babban mutanen ƙasarmu a nan a lokacin, Allah ya jiƙansa. Muna tsaye a bayan gidansa, dawakin maƙwabcinsa suna kallonmu ta kan shinge, ya saurare ni har na gama.

"Malam Sani, kai da na sani da tsoron tsallaka titi? Saboda cincin za ka jefa digirinka a teku?"

"Ba cincin ba ne, Dakta, dublan ne."

"To, dublan. Allah ya ba da sa'a. Ni dai na faɗa maka."

Na dawo gida da niyyar ba Hajja haƙuri, har na tsara jimlolin a kan hanya. Na gaya wa Binta. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, tun da na zo ƙasar nan wa ya taɓa buga mini ƙofa in ba ita ba?"

"Na sani. Amma in aka hana ni dawowa fa?"

"Sai in haihu, in goya, in biyo ka. Ba a Kano aka haife ni ba? In kuwa ba za ka je ba, ka shiga ka faɗa mata da bakinka, da Larabcin nan naka na huɗuba. Ni ba zan iya kallon idonta ba."

Wannan shi ne abu na farko da nake so ku riƙe. Ban gudu na bar ta ba. Amma kada in ɗora mata duka, domin ni na amsa, kuma da na ƙi ba wanda zai ɗaure ni. Mahaifiyarku ta ce ba ta ambaci huɗuba ba, ni kuma ina jin ta ambata.

Su biyu suka yi diblar, ni ina kallo. Hajja tana yanka ƙullin da aka murza, layi ɗaya da wuƙa, na gaba da ɗan ƙarfe mai haƙora da Salim ya sayo mata, ta yadda kowane zare gefensa ɗaya miƙaƙƙe ne, ɗayan mai haƙora. Ta ce haka mahaifiyarsu take yi, ba kuma wani gida a unguwarsu da ke yin haka. Tana naɗe zaren a cokali mai yatsu cikin mai har ya zama kamar fure, Binta na tsomawa a zuma tana barbaɗa riɗi, suna faɗa a kan ko man ya yi zafi. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini kwatance, domin ta ce ita ba ta san lambar gida ba, ba ta kuma taɓa bukata ba. Na rubuta da ajami a bayan wata takardar makaranta, a tunanina duk Balaraben da ya gani zai gane haruffan amma ba zai gane maganar ba. Ta gargaɗe ni kada in ambaci sunanta a kan titi.

A Roma na kwana huɗu ina jiran biza. Kada in ɓoye muku, rana ta biyu na tafi ofishin jirgi don in soke tafiyar. Na tarar sun rufe sun tafi hutun rana. Na zauna a kan dakali da gwangwanin a cinya, kafin su buɗe kunya ta kama ni, na tashi. Da sun kasance a buɗe, ban san abin da zan rubuta muku yau ba.

Abin da na fara gani a Turabulus haske ne. Farin gini, shuɗin teku, dabino a jere a bakin ruwa, ga zafi mai ɗanshi irin na Legas. Ko'ina rubutun Larabci, babu boko ko harafi ɗaya, har a filin jirgi. Na sauka a wani ƙaramin masauki, da safe na ɗauki takardata na shiga tsohon birni ta ƙofar da ke kusa da jar fadar nan ta bakin teku, kamar yadda aka ce mini. Na ga hasumiyar agogo. Hajja ta ce daga nan in bi kunnena, na kuwa bi: ƙarar guduma a kan tagulla, maƙera a zaune a bakin rumfunansu suna ƙera jinjirin wata irin wanda ake kafawa a kan hasumiyar masallaci. Wani na jingine da bango ya fi ni tsawo. Ban taɓa tunanin cewa akwai mutumin da sana'arsa ke nan ba. Bayan nan kwatancen ya fara rushewa. Birnin da ke kan Hajja na shekara biyar baya ne. Rumfuna da yawa an ja ƙofofinsu an sa kwaɗo, an ce ciniki ya koma manyan kantunan gwamnati. Shagon kayan zaƙin da ta ce in juya hagu a wurinsa, wanda ta ce ko makaho zai gane shi da ƙamshin ruwan furen lemo, ban gan shi ba. Lunguna kuwa matsattsu, an yi musu baka a sama, ga wayoyin lantarki da shanya, ga kyanwoyi, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Ranar nan ɓata na yi. Na ɓulla wurin wata tsohuwar ƙofar farin dutse ta zamanin Rumawa, tana tsaye ita kaɗai a cikin rami, ƙasa ta taso ta fi gindinta. Kusa da ita akwai masallaci, aka kira azahar na shiga. Daga waje ba ka ce komai ba, ƙofa ce a bango. Ciki kuwa duk an lulluɓe shi da tangaran kore da shuɗi, zanen furanni da ganyaye, sama an sassaƙa farin siminti kamar saƙar hula. Sanyi ya ratsa tafin ƙafata. Na ajiye gwangwanin a gabana tare da takalmina, na yi salla ina satar kallonsa, Allah ya yafe mini. Da na fito na wuce wani babban gini a rufe, da tauraro mai kusurwa shida a goshinsa, ciyawa ta fito a kan matakalarsa. Na tuna Hajja ta ce wurin ibadar Yahudawa ne, maƙwabtansu na da, waɗanda sukan aiko musu da nasu kayan zaƙin ranar idinsu. A wani lungun na ji mutum biyu suna ɗaukar buhun siminti suna zagin juna da Hausar Damagaram. Na so in yi musu magana, tsoro ya hana ni. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Washegari na canza dabara, na tambayi Masallacin Taguwa, domin shi kowa ya sani. An ce sunan ya samo asali ne daga wata taguwa da aka ɗora wa dukiya aka gina shi da ita, amma na ji labarin iri biyu, ba zan zaɓa muku ba. Gajeren gini ne, tsoho ƙwarai, rufinsa ƙananan ƙubbobi birjik kamar an kife ƙore, ginshiƙansa kuma babu biyu iri ɗaya, wani siriri, wani kakkaura, wani da guntun zanen Rumawa a kansa. Ya tuna mini da masallacinmu na ƙasa a Bichi, ban san dalili ba. Daga nan na ƙirga lungu biyu na sami gidan gashin burodi. Mutane na shigowa da tire a ka, burodi da makrud, wato wani abin zaƙi na garin alkama da ake cusa wa dabino a yanka shi kamar lu'ulu'u. Kowane gida da alamar da yake yi wa tirensa. Hajja ta ce koriyar ƙofa ce bayan gidan gashi. Na tarar da korayen ƙofofi uku. Na tambayi mai gashin gidan Hajji Miftah, mijin Zuhra. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna ta tsakiya da dogon katakonsa.

Na buga. Wani dogon tsoho mai baƙar hula da 'yar shara ya buɗe kaɗan, ya tare da jikinsa. Fuskarsa ba alamar maraba, kuma ban ga laifinsa ba: baƙo, da kwat, da jaka, a shekarun da kowa ke tsoron mai tambaya. Ga mai gashi yana leƙe, ga an hana ni ambaton suna. Na tattaro Larabcina mafi kyau.

"Aminci ya tabbata a gare ka, ya shaihi mai daraja. Haƙiƙa na zo da dibla, amana ce, zuwa ga Hajja Zuhra."

"Dibla?"

"Na'am."

"Ga Zuhra? Matata?"

"Na'am, ita da kanta. Daga nesa na ɗauko."

Ya dube ni daga hula har takalmi. Sai gemunsa ya fara rawa don dariya. Ya juya cikin gida ya ɗaga murya.

"Ya Zuhra! Taso, ga wani saurayi ya kawo miki zobe! Shekara arba'in da biyar ina jiran wanda zai zo ya ɗauke mini ke!"

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, a bakinsu dibla sunan zoben baiko ne ma, daga nan abin zaƙin ya sami sunansa saboda naɗinsa. Mu da muka karɓi dublan a Kano, zaƙin muka karɓa, zoben bai iso ba. Wato na tsaya a ƙofar dattijo, da Larabcin mumbari, ina neman auren matarsa. Daga bayan labule wata murya ta amsa.

"Tambaye shi, na zinariya ne ko na azurfa? In na azurfa ne ya koma."

Zufa ta jiƙa mini riga. Sai na tsuguna a bakin ƙofar na buɗe gwangwanin. Wasu sun farfashe a hanya, amma yawanci suna nan. Dariyar tsohon ta tsaya. Ya jawo ni cikin zaure ya rufe ƙofa. Matar ta fito, Hajja Mabruka sak, sai dai ta fi jiki. Ta ɗauki guda, ta kai wurin hasken tsakar gida, ta bi gefen mai haƙora da yatsa, ta juya ta bi miƙaƙƙen.

"Yaushe aka soya wannan?"

"Yau kwana tara."

"Da hannunta?"

"Da hannunta. Ina tsaye. Suna faɗa da matata a kan mai."

Ta zauna a ƙasa a nan inda take. Ta daɗe tana kuka, diblar na hannunta, ba ta ci ba, ba ta ajiye ba. Da ta sami magana, abin da ta fara cewa shi ne:

"'Yar banza. Na dafa mata kuskus na sadakar arba'in, unguwa duka ta ci."

Kwana uku na yi a hannunsu, sun hana ni komawa masauki. A nan kam, Mabruka, na ci kayan zaƙi, ba zan musa ba. Makrud da ɗuminsa daga gidan gashi, giraiba mai narkewa kafin ka tauna, ka'ak mai gishiri-gishiri, da shayi zagaye uku a ƙananan kofuna, mai kumfa a sama, na ukun da soyayyiyar gyaɗa a ciki. Da Hajji Miftah ya ji gyaɗa nake karanta a jami'a ya ce lallai Amurka ta ci gaba. Ya zagaya da ni gari yana gabatar da ni a wurin abokansa da cewa ga kishiyarsa namiji. Ya kai ni wani fili a sabon gari ya nuna mini babban cocin da Italiyawa suka gina, wanda aka mayar masallaci, muka tsaya har aka kira la'asar daga inda da ake kaɗa ƙararrawa. Zuhra kuwa tambaya take yi ba iyaka: me ƙanwarta take ci, ƙafarta na ciwo har yanzu, Salim ya yi aure. Ranar tafiya ta ba ni akwatin makrud, da wani abu a ƙulle cikin hankici: ƙarfen yankan dibla na mahaifiyarsu, na tagulla, mariƙinsa na itace ya yi baƙi don tsufa.

Na gama aikina a gida cikin sati huɗu na tafi Legas. A ofishin biza ma'aikacin ya buɗe fasfo, ya tsaya a shafin Larabcin nan, ya tambaye ni abin da na je yi. Na ce kayan zaƙi na kai wa wata tsohuwa. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya ce za a duba, in dawo. Ba na zarginsu da komai, aikinsu suke yi, ni ma da aka ba ni wannan amsa da ban yarda ba. Sati ya zama wata. Zangon karatu ya fara babu ni. Na yi Babbar Sallah a Bichi, ƙannena suka cinye makrud ɗin don kada ya lalace. Nakan je gidan waya a Kano in yi layi in sami minti uku, Binta ta ce lafiya lau, kada in damu, ni kuma in fito in kasa cin abinci. A watannin nan na yi nadama, ba sau ɗaya ba. Na ce a raina Dakta Garba ya yi gaskiya.

Mabruka, an haife ki ina Legas, ban ji ba sai bayan kwana huɗu. Ban ji kukanki na farko ba. Ba ni na yi miki kiran salla a kunne ba, Salim ne. Wannan ita ce asarar, ita ce kuma ba ta da ramuwa. Shekarar karatun da na rasa na rama ta. Abin da na ji daga baya shi ne, tun cikin ya shiga wata tara Hajja ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɓangarenmu. Ita ta tashi Salim ya kai su asibiti, ita ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa tana faɗa da ma'aikata da Larabci har suka gaji suka bar ta ta shiga. Binta ta kwatanta mata wankan jego da hannu, tsohuwar nan ta yi ta dafa ruwa a manyan tukwane tana jidowa zuwa banɗaki, safe da yamma, kwana arba'in, da ciwon ƙafarta. Da aka tambaye ni suna a waya, na ce a tambayi uwar. Binta ta karɓi wayar ta ce, "Malam, kai ma ka sani."

Zuwana na uku ofishin biza wata mata na samu. Ta yi tambayar da aka saba. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ciro hankicin daga aljihu na kwance. Ta ɗauki ƙarfen, ta gangara shi a kan wata takarda, ya bar layi mai haƙora. Ta ce kakarta na da irinsa. Bayan kwana goma aka ba ni biza. Ban ce ƙarfen ne ya sa ba. Mai yiwuwa binciken ne ya ƙare a lokacinsa, mai yiwuwa wasiƙun da Dakta Garba ya yi ta sa makaranta ta rubuto ne, domin duk da faɗansa bai zauna ba.

Na iso Glenwood a cikin sanyin Disamba, da hantsi. Na buga ƙofar gidana, Hajja ta buɗe, kina kafaɗarta. Ta hana ni taɓa ki sai na wanke hannu. Da na zauna na miƙa mata hankicin. Ta kwance, ta duba, ta tura shi cikin rigarta wajen ƙirji.

"Zuhra ta tsufa?"

"Ta ce kin ci mata kuskus na sadakar arba'in."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Binta na bubbuga mata baya. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Zuhra ba za ta sallame ka hannu rabbana ba makrud ba. Ina yake?" Na faɗi gaskiya. Har ta rasu, shekara shida bayan nan, ba ta daina kirana ɓarawon makrud ba. Ba ta koma Turabulus ba, a nan muka binne ta. Ƙarfen kuwa ta bar wa Binta, shi ne wanda ke cikin aljihun kicin na biyu, wanda na taɓa kama jikana Usman yana yanka fiza da shi.

Iyakar abin da na iya tunawa ke nan. Salim yana raye, na ji yana wajen 'ya'yansa a wata jihar. In wannan ya kai gare shi, ina roƙonsa ya duba abin da na faɗa game da gidansu da birninsu, domin kwana biyar kawai na yi a can, kuma baƙo yakan ga abu ya ba shi sunan da ba nasa ba. Haka iyalan Dakta Garba, da duk wanda ya zauna a Glenwood a shekarun nan: wanda ya ga na ƙara ko na rage, ya aiko wa yaran nan da gyara su sa a gefen shafi, ba zan ji haushi ba. Ke kuma Mabruka, ki ci gaba da tsokanata ranar Sallah, na ci kayan zaƙin, na amsa. Sai dai idan 'ya'yanki sun gama dariya, ki ɗauki dublan guda ki nuna musu gefen mai haƙora, ki gaya musu sunan wa kike amsawa.